Araha Ba Ta Ado

Ni mai haƙar burtsatse ne.
Rabin wata ina gida, Unguwar Rogo,
rabin wata ina kan hanya:
Mangu, Fankshin, Langtang, Shendam,
duk inda ƙasa ta ɓoye ruwa
can nake kwana, a bakin rijiya.

Daren masauki tsawo gare shi.
In ka gama ƙirga sauro
me ya rage? Sai wasa a waya,
allo ɗan mitsitsi, babban yatsana
na danne 'yan ƙwallo uku lokaci ɗaya.

Ranar da na kwashi adashe
na nufi shagon Dacung, bayan Taminus,
kuɗi a cikin safa, fargaba a zuciya.

Ya ɗauko wata baƙa ya buɗe.
Madannanta na sauya launi,
ja, kore, shuɗi, sai ka ce motar amarya.
Na ɗaga ta: dutsen niƙa.
Cajarta kaɗai bulo guda.
Fankarta ta tashi, na waiga
ina neman mai markaɗe a baya.
Ya faɗi kuɗinta. Na ce, "Dacung,
kwamfuta na tambaya, ba fuloti ba."
Har yaron shagonsa ya yi dariya.

Na ce, "Ni ba gasa zan shiga ba.
Ƙwallo ce, sai tseren mota,
sai wata gona da nake nomawa a allo
inda kabeji ke nuna a minti biyar,
ba taki, ba tsutsa, ba ƙaya.
Ba ni wadda za ta shige jaka
tsakanin sifana da burodi,
ta jure gargada,
in an ɗauke wuta da magariba
ta raka ni har sha ɗaya."

Ya sunkuya ƙarƙashin kanta,
ya zaro wata ta hannu, ruwan toka,
gefenta da tabo, harafi guda ya goge,
a murfinta wani can ƙetare
ya manna hoton bushiya.

"Ram takwas," in ji shi. "Kar ka yarda da huɗu,
huɗu tsohon jaki ne a hawan dutse.
Ciyawar fili ba sai ka ga ganyenta ba,
rage wa wasan kwalliya,
za ta yi gudu lafiya."

Ban sayi zancen baki ba.
Na zare caja, na hau benci,
na aika a sayo mini gasasshiyar masara,
na buga wasa uku ina satar kallon agogo,
na taɓa cikinta ko zazzaɓi ya kama ta.
Ɗumi kaɗan, kamar bayan tunkiya.

Ya ja, na ja.
Ya rantse, na miƙe har bakin ƙofa,
ya kira ni, ya ɗora linzami gyara.
Na cire takalmi, na biya.

Daren farko, Langtang, ba wuta.
Tun magariba leburori ke layi, kowa ya ɗana.
Da aka zo kaina sai ga Nanzing,
yaron da ke riƙe mini bututu,
wai bai taɓa bugawa ba.
Ashe ƙarya.
Kafin hutun rabin lokaci ya zura mini uku.
Mai gadi ya ajiye tocila yana tafi.
Ta huɗu na tafe, daga shi sai gola,
zufa ta karyo mini har wuya,

sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Awa huɗu Dacung ya ce.
Uku da kwata ta yi, ta miƙe ƙafa.
Na rufe murfi, na shafa bushiya,
na ce, "Wasan da ba a hura tashi ba
ba a ci kowa ba. Sai da safe."

Da kuɗina sun kai mai tsadar nan,
da yanzu labari ya riga ni isa Jos.
Araha, an ce ba ta ado.
Na ji. Amma daren nan
ita ta fid da ni kunya.