Daƙiƙa Goma Sha Biyar

Na taso daga aikin asibiti, Hull na barci,
ruwan nan da ba ya gajiya yana ƙwanƙwasa taga.
Na hau ɗakin sama, na kunna rediyo.
Wayar da na ɗaura a tuffar maƙwabcina Hargreaves
tana rawa kamar igiyar shanya.

Shuuu kawai. Kunne bai tsinci komai ba.
Baba a Funtuwa da kunne yake farauta,
ya murza gajeren zango a hankali,
mu yi tsit har a gama labarai.

Ni kwamfuta ke taya ni sauraro.
Daƙiƙa goma sha biyar tawa, goma sha biyar ta wani.
Sai ga zare rawaya, siriri, a shuɗin allo,
can ƙasan hayaniya,
allura cikin ruwa, yau ni ne mai rabo.

Lambar Nijar ce.
Bai tambayi iyali ba, ban tambayi gajiya ba.
Ya ce ya ji ni da ƙyar. Na ce ni ma.
Saba'in da uku, iyakar sallamar ke nan.

Shayina ya huce.
Na rubuta a littafi: ƙarfe huɗu da minti tara.
Zaren ya ɓace, na dubi allo
na ce masa a bayyane:
ina kwana.