Ƙaron Teku

Daren jiya teku ya yi fushi,
ya kwana yana dukan gaɓar Pavilosta.
Tun da duku-duku kakata Ausma ta tashe ni:
"Modris, sa takalmin roba. Yau ruwa zai biya bashi."

Muka fita cikin sanyi mai yankan kunne,
ita da koma, ni da tsohon gwangwani.
Ba ta duba cikin tsakuwa.
Inda baƙar ciyawar ruwa ta taru
da ruɓaɓɓen icce, nan take durƙusawa,
don mara nauyi da ɗan'uwansa yake tafiya.

Ga shi nan, kamar zuma ta daskare.
Na kai hannu aljihu, ta buge hannun.
"Gwangwani!" ta ce.
Kakana Zigurds ya taɓa tsintar irinsa,
ashe ragowar bam ne na sojojin da suka tafi.
Yana bushewa ya kama da wuta a wandonsa.
Har ya mutu da ɗingishi yake zuwa coci.
Teku ma yana da jabu.

Sai da ya wuni a waje, ya bushe lafiya,
sannan ta shigo da shi kan tebur.
Ta ƙwanƙwasa shi a haƙori:
dutse yakan ce ƙas, wannan sai ya yi raɗa.
Ta jefa shi a kofin ruwa, ya nutse.
Ta zuba gishiri cokali uku, ta dama,
ya taso yana lilo kamar an kira sunansa.
Ta goga shi a rigarta ta ulu,
ya ɗauke gashin kyanwa daga kan kujera.
Ta ɗora masa allura mai zafi,
ɗakin ya cika da ƙamshin daji,
dajin da babu idon mutum da ya taɓa gani.

"Dzintars," ta ce. Ambar ke nan.
Ba dutse ba ne, ƙaro ne.
Itace aka ji wa ciwo, ya yi hawaye,
itacen ya faɗi, dajin ya nutse,
koguna suka kwashe, ƙanƙara ta niƙe,
shekara miliyan arba'in,
lissafin da ko malamin makarantarmu
sai ya tsaya ya ƙirga sifirinsa.
Mai kukan ya tafi. Kukan ne ya rage.

Na ɗaga shi saitin fitila.
Can ciki ga ɗan sauro,
fiffike a buɗe, ƙafa ɗaya a miƙe,
har yanzu yana shirin tashi.

Na ce, "Nawa za su saya a Riga?"
Ta karɓe, ta dunƙule shi a tafinta.
Hannunta kullum sanyi ƙalau,
amma da ta buɗe, ya yi ɗumi.
"Kawo gishirin nan," ta ce,
"miya tana jira."