Bakan da Aka Bari Buɗe

Ƙarfe ɗaya na dare, Harobanda ta yi tsit,
sai fankar shagon Barmu ke tari.
Gobe Cima za ta kai kundinta jami'a,
shafi ɗari biyu kan albasar Galmi.

Na buɗe baƙin allo, ba hoto, ba ado,
na buga umarni, layi guda, na danna.
Mai duban nan ba ya gaisuwa.
Layi na tamanin: tazara kafin aya.
Layi na ɗari uku: ka buɗe baka, ba ka rufe ba.

Baka guda!
Shi ya sa rabin babi ya karkace,
haruffa suka jingina da juna
kamar masu jiran faba-faba da rana.

Na rufe shi, na sake bugawa.
Saura goma sha ɗaya. Saura shida.
Wani gargaɗin ma sharri ne:
ya ga lanƙwasar ƙa da ɗa, ya zaci ɓarna.
Na ce, kai baƙo ne, waɗannan namu ne, wuce.

Shayi ya huce. Lantarki ya lumshe ido, ya dawo.
Cima ta yi barci bisa benci, takalmi ɗaya a ƙafa.

Na danna na ƙarshe.
Bai ce uffan ba, iyakar yabonsa ke nan.
Ɗan haske na ƙiftawa, yana jirana,
sai na tuna wasiƙar da na fara wa yayana Gado tun bara:
bayan gaisuwa, waƙafi,
har yau ban kai aya ba.