Kafin Ƙarfe Huɗu

Oga Bamidele ya ajiye agogonsa kan tebur:
"Zane shida, minti arba'in.
Masu kuɗin sun hau gada."

Janareta na tari bayan kamfanin roba,
fanka na juya zafin Ikeja.
Na feƙe fensir.

Dogon baki, kunama, tankin ruwa a ƙeya.
Hannuna ya tsaya.
Na san wannan siffa.
Na gan ta a kafaɗar wani
daren da muka bar geronmu tsaye a gona.

Na goge, har takarda ta kusa hujewa.
Saura ashirin da biyu.

Sai Lantana ta faɗo mini a rai,
a tsakar gidan haya, Agege,
da gorar lemo mai hudajjen murfi,
tana jiƙa 'ya'yan Mama Ronke,
ana ihu da yare uku.

Tarwaɗa mai furzar da ruwa.
Giwa.
Kwaɗo, kumatu fam.
Buta mai dariya.
Danfo rawaya, tana feshi ta fitila.

Biyar.
Oga ya ɗauki agogonsa. "Ina bindigar?"
Na miƙa masa tarwaɗa.
Ya juya ta, ya sake juyawa.

A waje ruwa ya soma harbin kwanon rufi,
ba wanda ya faɗi.