Falle Biyu

La'asar sakaliya a Panteka, zarto ya yi shiru.
Barira ta share garin katako daga bencina,
ta shimfiɗa takarda mai ƙananan ɗakuna
kamar ragar rariya.
"Baba, katakonka nawa?"
Falle arba'in, na ce, kuma Sale ya daina ba da bashi.

Ta ja layi kwance, na kujeru.
Ta ja wani tsaye, na tebura.
Mahaɗarsu sifiri,
ranar da ban ɗaga guduma ba ke nan.

Kujera na cin falle biyu, tebur huɗu.
Ta ɗiga ashirin a kwance, goma a tsaye,
ta kwantar da rula, ta haɗe su ɗoɗar,
ta shafe ƙasan da fensir.
"Wannan layin kana iya takawa.
Ka cinye arba'in ɗin ƙaf, ba laifi."

Sai kwanaki. Kowane aiki yini guda,
Hedimasta Yashim kuwa cewa ya yi
kafin kwana goma sha huɗu. Kafin, ba ranar ba,
don ran nan yara za su zauna.
Wannan layin a gutsuttsure ta ja shi
kamar sawun kiyashi.
"Ka matso iya son ranka, amma kar ka taka."

Inda shafe ya hau shafe
takarda ta yi duhu kamar fadama ta sha ruwa,
ɗan fili mai kusurwa huɗu, karkatacce.
Wai duk iyawata tana ciki.
Shekara talatin ina awo da ido,
ban taɓa ganin girmanta a kwance ba.

Idona ya zarce can ƙurya inda layukan suka sarƙe,
kujera takwas, tebur shida,
ko ɓallin katako ba zai yi saura ba.
Na dangwala yatsa.
Ta ɗage min shi a hankali:
"Takwas da shida, nawa?"
Na sosa ƙeya.

Taku ɗaya baya. Bakwai da shida.
Kwana sha uku, falle talatin da takwas.
"Biyu sun tashi a banza," ta ce, tana cizon fensir.

Na dube ta, durƙushe a garin katako,
gwiwa ta yi fari, takarda na zamewa daga benci.
Ban ce komai ba.
Na ware biyu masu santsi, na jingine bayan ƙofa,
na auna tsawon gwiwar hannunta da ido.