Tsahiru Ya Yi Zaɓe

Jandarma ya same ni a gindin rumbu ina tankaɗe.
Ya karanta sunana a karkace,
ya ce ran Talata, Tawa, gaban mai shari'a.
Na karyar da albasa rabin buhu, na shiga mota.

Tsahiru ɗana ne na biyu.
Shekara bakwai ke nan da ya tafi biɗa Abijan.
A ta huɗu aka aiko min agogonsa
da wata takarda mai hatimi biyu.
Na yi kukana na gama, na raba gumba.
Sai ga shi wai ran Lahadin zaɓe
ya zo lakwal ɗin garinmu, ya bi layi,
mutum biyu sun shaida shi ne,
ya tsoma yatsa a tawada, ya dangwala.
Bai ko biyo gida ya sha ruwa ba.

Ni kuwa ranar tun hantsi nake tsaye,
aka bi takarda sama da ƙasa,
aka ce Habsu Kadiri ba ta ciki.
Na dawo da yatsana fari tas.

Ɗakin shari'a, fanka tana juyi ba iska.
Mai shari'a na Faransanci, tafinta na gutsuro min
kamar mai ba jariri tuwo.
Arba'in da uku, in ji shi,
arba'in da uku da ba su gari suka yi zaɓe a akwati ɗaya:
na Abijan, na Libiya, na wurin haƙar zinari,
da shida waɗanda sai ranar tsayuwa.

Na duba wanda aka kamo.
Malam Arzika ne!
Shi da ya koya wa 'yar Tsahiru rubuta sunan ubanta.
Malamin kwantiragi, wata uku ba albashi,
rigarsa ta Juma'a ya sa, wuyan ya ci.
Ya ce jaka goma aka ba shi.
Ya ce katunan a kwalin sukari suka zo, da dare,
cikin farar mota mai baƙin gilashi.
Ya faɗi sunan mai motar, kowa ya ji.
Alƙalamin magatakarda ya tsaya cak
kamar jaki a bakin kwazazzabo.
Lauyan gwamnati ya gyara tabarau,
ya ce wancan dosiye dabam ne, yana Yamai.

Yamai ta cika nisa.
Ko gawar ɗana ta riga wannan takarda isowa.

Aka kira ni, na miƙa mai hatimi biyu.
Aka ce, kin tabbata ya rasu?
Na ce wanda ya tabbata ya yi zaɓe, shi za ku tambaya,
shi ya gan shi daga baya.
Wani ya yi dariya, aka buga tebur.

Na ce ina da tambaya ɗaya, ranka ya daɗe:
wa ya zaɓa?
Tun yana yaro ba ya sayen ko takalmi bai gaya min ba.
Tafinta ya juya, ya juyo,
ya ce Inna, ƙuri'a sirri ce.

Wata shida kaso, da tara.
Malam bai ɗaga kai ba da aka wuce da shi.
Matarsa ta biyo da kwanon fura, aka ce ba yanzu ba.
Wanda arba'in da uku suka ɗora
yana nan bisa kujerarsa,
na ga hotonsa a tasha, ruwa ya wanke masa kunne ɗaya.

Na iso gida bayan isha'i.
Yarinya ba ta yi barci ba.
Ta ce, Kaka, gobe akwai lakwal?
Na ce babu malami.
Ta ce, an ce Baba ya zo.
Na ɗauko agogon daga ƙasan adaka,
na ɗaura mata, ya zamo har gwiwar hannu.