Allon Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya na yi da sukudireba
a benen gwamnati, Ottawa, gefen kogi.
Aikina noti huɗu ne da allon tagulla.
In an naɗa minista, ni ake kira kafin mai hoto.

Ranar da aka buɗe ofishin tsofaffi,
ɗakin da suka samu ma'ajiyar kujeru ne a da.
Na ɗaura allon, na goge shi da hannun riga,
ina dariyar ciki: wai har tsufa ya samu ƙofa.
Lokacin gwiwata ba ta san sanyi ba.

Daga nan sai kwance, sai ɗaura.
Bana "ƙaramin minista", baɗi a sauke "ƙaramin",
wata shekara a rataya tsofaffi a wutsiyar wata ma'aikata
kamar ƙullin da aka tuna da shi bayan an ɗaure kaya.
Akwai wadda ta zo da tukunyar fure ta tafi ta bari,
na yi ta ba shi ruwa har ministoci biyu.
Akwai wanda bai kai ga sanin makunnin fitila ba.
Ɗaya ce ta tambayi sunana. Ta ce, "Aurèle,
mahaifiyarka na raye?" Na ce tana Maniwaki,
daga ita sai murhu. Ta rubuta a tafin hannu.
Ban sani ba ko ta wanke kafin taro.

Ƙofar ta sha huda har noti ba ya kamawa,
da tsinken ashana nake cike ramukan.
Duk wanda ya zauna ciki, ashanata ke riƙe da sunansa.

Yau saba'in da takwas nake.
Huguette ta riga ni, hunturu uku ke nan.
Ƙanƙara ta toshe matakala, shebur ya fi ƙarfina.
Na buga lambar da ke kan takardarsu,
murya ta ce in danna biyu in jira,
ta sa mini kiɗa.

Waya a kafaɗa, na jawo gwangwanin biskit,
na jera alluna tara kan tebur.
Tagulla ta yi kore, sunaye sun dushe.
Kalma ɗaya ce ba ta taɓa canjawa ba,
ita nake gani a madubi in zan yi aski.

Kiɗa ya tsaya. "Da wa nake magana?"
Na ce, "Yarinya, kafin nan,
sa a duba allon ƙofar ministanku.
Notin sama na hagu,
yana sakin jiki in ɗaki ya ɗumama."